Mawaƙan da muka so amma ba mu taɓa ganin wasansu ido da ido ba

Baban Sadiya, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so mu tattauna wani al'amari da na tabbata ba ni kaɗai yake damu ba. Kusan kowannenmu yana da mawaƙin da ya tashi da muryarsa a kunne, ya haddace waƙoƙinsa tun yana yaro, amma har Allah ya karɓi ran mawaƙin bai taɓa zama a gabansa ya ga yadda yake gudanar da wasansa ba. Ni nawa shi ne Alhaji Mamman Shata. Lokacin da ya rasu a watan Yunin 1999 na riga na mallaki hankalina, ina da aikin yi, ina da kuɗin mota, kuma Funtuwa, inda ya daɗe da zama, ba wata tafiya ba ce daga Zariya. Babu abin da ya hana ni illa ganin da nake yi cewa Shata kullum yana nan, tunda ba a wayi gari an kunna Rediyon Kaduna ba tare da an ji shi ba. Ina son in ji naku: wane ne, me ya hana ku, kuma ga waɗanda Allah ya nufa suka gani, shin akwai abin da ido ya samu wanda kaset bai ba mu ba?

Tsohon Hedimasta, Funtuwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta ƙarshe ita zan amsa, domin ni na ga Shata, kuma na gan shi a lokacin da ƙarfinsa yake cike. Amsar ita ce akwai, kuma abin da ido ya samu ya fi abin da kaset ya riƙe yawa.

Abu na farko da ya kamata matasa su fahimta shi ne, waƙar da kuke ji a kaset zama ɗaya ce daga cikin zama masu yawa da aka yi wannan waƙar, kuma ba a taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Amshin yana nan yadda yake, kiɗan kalangun yana nan, amma abin da yake zubawa a tsakani ya danganta da waɗanda suke zaune a wurin a wannan dare. Yana cikin waƙar wani mutum, sai ya hango wani babban ɗan kasuwa ko direba ya shigo, nan take ya saka shi a ciki, ya ambaci garinsu da ubansa da alherin da ya taɓa yi masa, sannan ya koma inda ya tsaya ba tare da kiɗa ya karye ba. Mu da muke wurin mun ga shigowar mutumin, mun ga yadda ya tsaya cak da ya ji sunansa, mun ga yadda hannunsa ya nufi aljihu. Kai da kake saurare a kaset suna kawai ka ji ya wuce.

Abu na biyu shi ne makaɗan. Kalangu a hammata ake matse shi, ana sassauta tsirkiyarsa ana ɗaurewa, shi ya sa yake magana. Idan kana wurin za ka ga idanun makaɗan ba sa barin fuskar Shata, domin da ɗan juyin kai ko ɗaga hannu yake sanar da su a sassauta ko a ƙara wuta. Wannan fahimtar juna da ke tsakaninsu ita ce rabin gwanintar, kuma ba ta da sauti balle na'ura ta ɗauka.

Abu Hanan, Kano

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Ina da ɗan saɓanin ra'ayi, kuma ina fatan za a yi mini uzuri. Ina ganin wani ɓangare na wannan da-na-sanin ƙawata abin da ya wuce ne kawai. Da yawa daga cikin wuraren da mawaƙan wancan zamani suke wasa da dare ba wuraren da uba nagari zai bar ɗansa ya je ba ne, domin a otal-otal da gidajen rawa ake yi, tare da duk abin da ke biyo bayan irin waɗannan wurare. Iyayen da suka hana mu zuwa suna da hujjarsu. Ban da haka, wanda ya je wurin yana cikin turereniya da ƙura da hayaniyar maroƙa, sau da yawa ba ya jin rabin abin da ake faɗa, alhali mu da muka zauna da kaset mun ji kowace kalma, mun mayar baya mun sake ji har muka gane habaicin da ke ciki.

Tsohon Hedimasta, Funtuwa

Malam Abu Hanan, maganarka ta farko tana da gaskiya a cikinta, kuma ba zan musa ba. Akwai wuraren da ni kaina ban shiga ba. Amma ba nan kaɗai ake ganinsu ba. Ana ganinsu a naɗin sarauta, da bikin aure, da filin sukuwa, da tarukan gwamnati da rana tsaka, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ba a ɓoye ta yi ba. Wanda ya so gani ta hanya mai tsabta yana da hanya.

Maganarka ta biyu ce ban yarda da ita ba. Maroƙan da ka kira hayaniya suna cikin wasan. Sanƙira shi yake shelanta kyautar da aka yi, ya faɗi wanda ya bayar da abin da ya bayar, kuma wannan shelar ita take tunzura na gaba, ita kuma take ba mawaƙin abin da zai ɗora a kai. Habaicin da ka gane bayan ka sake saurare, mu a take muka gane shi, saboda wanda ake yi dominsa yana zaune a gabanmu yana sunkuyar da kai.

Maman Nafisa, Kano

Sallama gare ku baki ɗaya. Na lura duk maganar da ake yi ta maza ce, don haka bari in kawo tamu. Mu mata ba a ma kai ga tambayar ko mun ga Shata ko Ɗanƙwairo ba, domin yawancinmu ba mu da hanyar zuwa inda suke. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wadda take tamu ce, wadda take shigowa har cikin gida, ita ma ban gan ta ba. Ina nufin Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013.

Kiɗan amada kiɗan tsakar gida ne. Ƙwarya ce ake kifawa, wata a kan ruwa, mata suna kaɗawa, mata suna amshi, mata suna rawa, babu namiji a wurin. A nan ne mace take jin an faɗi abin da ke cikinta game da kishiya, da haihuwa, da neman na kanta, da wulaƙancin zaman da babu sana'a. Barmani ba ta tauna magana, kuma wannan ne ya sa a gidan da na yi aure manya ba sa son a je inda take, suna cewa bakinta ya yi kaifi. An sha gayyatar ta biki a unguwannin da ke kusa da mu, ina jin labari washegari daga bakin waɗanda suka je. Yanzu ina kallon ɗan abin da aka ɗauka nata a waya, mafi yawansa a kan dandamali ne a gaban maza da manyan baƙi, kuma matan da suka san ta a tsakar gida suna gaya mini cewa wannan ba ita ba ce sosai, domin a gaban maza tana rage wani abu.

Bagobirin Isa

Hajiya, wannan magana taki ta ƙarshe ta taɓa ni, domin ta shafi nawa. Ku da kuke maganar Shata da Barmani kun yi zamani da su, dama ce ta kuɓuce muku. Ni wanda nake kuka a kansa tun ba a haife ni ba ya bar duniya, wato Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960. Wani zai ce babu ma'ana mutum ya yi baƙin cikin abin da ba shi da iko a kansa, amma ni a garin da ya yi waƙoƙin nan na tashi, ina wuce ƙofar fadar da ya tsaya, kuma na yi zama da tsofaffin da suka gan shi.

Kiɗan fada ba irin na Shata ba ne da ake zagaya ƙasa da shi. Makaɗin kotso yana da ubangida, kuma waƙarsa tana da muhalli: ƙofar fada, ranar salla, ranar naɗi, ko dawowar sarki daga tafiya. Zambon da ke cikin waƙar ana yin sa ne ga 'yan sarkin da suke hamayya da ubangidan, kuma kowa a wurin ya san su. Abin da ya iso gare mu shi ne ɗan abin da gidajen rediyo suka ɗauka a ƙarshen rayuwarsa. Duk wannan zurfin Hausa da malaman jami'a suke ta nazari a kai, daga wannan ɗan ragowar ne. Idan na tuna cewa shekarun ƙuruciyarsa gaba ɗaya sun tafi babu wanda ya ɗauka, sai in ji asarar ta wuce tawa ni kaɗai.

Baban Sadiya, Zariya

Yaya Bagobiri, ko ka samu ganin Ɗanƙwairo? Shi ai ya kai 1991.

Bagobirin Isa

Na gan shi, ƙanena, kuma shi ne abin da ya rage mini zafin rashin Narambaɗa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya tsufa lokacin da na gan shi, amma tsarin jama'arsa yana nan daram. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda waƙar take yawo a tsakaninsu. Shi zai ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire wasu sun karɓe, wasu sun yi ƙari a kai, sannan gaba ɗaya su haɗu a kan amshi, hannuwansu kuma ba su daina kaɗa kotso ba. A kaset sai ka ɗauka murya biyu ce ko uku. A fili za ka ga mutane ne jere, kowanne ya san daidai inda zai shigo. Wanda ban samu gani ba a wannan layi shi ne Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, da Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Ɗan Bukur, Jos

Nawa labarin ya bambanta da na kowa, kuma ina jin ya fi ciwo. Ni na san Ɗan Maraya Jos da ido. Na sha ganinsa a cikin gari, na sha gaishe shi ya amsa da fara'a, amma ban taɓa ganinsa riƙe da kuntigi yana waƙa ba sai a talabijin. Saboda ɗan gari ne, ban taɓa ɗaukar zuwa wasansa a matsayin abin da ake shiryawa ba. Baƙi suna tasowa daga nesa domin su gan shi, ƙasashen waje suna gayyatarsa, mu kuwa da muke tare da shi muna cewa wata rana. Ya rasu a watan Yunin 2015.

Abin da nake son in gani shi ne hannunsa. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tak, kuma shi kaɗai yake tsayawa, babu 'yan amshi, babu makaɗa a bayansa. Yadda mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya zai riƙe taro, yana sauya murya ya zama miji ya zama mata a cikin waƙoƙinsa na zaman aure, wannan abu ne da nake jin sai an zauna kusa za a gane sirrinsa. Kuma shi ne mawaƙin da ya ɗauki karen mota da sauran talakawa masu ƙananan sana'o'i ya yi musu waƙa a lokacin da waƙa ta sarakuna da masu kuɗi ce. Mahaifina yaron mota ne kafin ya zama direba, don haka a gidanmu ba a ɗauki Ɗan Maraya a matsayin mai nishaɗantarwa kawai ba.

Ba'adare, Tawa

Gaisuwa daga Nijar. Duk waɗanda kuka ambata namu ne mu ma, domin iyaka ba ta taɓa tare muryar rediyo ba, kuma kaset-kaset ɗinsu sun cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. A nan Tawa muna da Ɗan Gurmu, wanda aka sanya wa babbar gasar waƙa ta ƙasa sunansa, kuma yawancin matasan da suka shiga gasar ba su taɓa ganinsa ba.

Amma wanda ni nake jin zafinsa shi ne Malam Mamman Barka, da ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne kafin waƙa ta ɗauke shi, ya yi suna da gurmi, sannan daga baya ya tafi yankin Tafkin Cadi ya koyi biram a wurin tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya ta. Biram kayan kiɗan Buduma masunta ne, mai tsirkiya biyar, siffarta kamar kwalekwale. Ya kai ta har Turai, Turawa suka zauna suka kalla, ni kuwa da muke ƙasa ɗaya ban taɓa ganin an kaɗa ta a gabana ba. A nan rashin ya zama biyu, na mutumin da na kayan kiɗan, domin masu iya ta ba su da yawa.

Ɗalibi a Omdurman

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in ƙara wata daga Sudan. Hausawan nan suna alfahari da A'isha Falatiya, wadda asalin mahaifinta Bahaushe ne, kuma ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Tsofaffin matan unguwannin Hausawa suna ba da labarinta kamar jiya suka rabu. Haka kuma malamanmu da suka yi karatu a Masar suna ba mu labarin mawaƙiya Ummu Kulsum, wadda a zamaninta take yin wasa a daren Alhamis ɗin farko na wata, ana watsawa kai tsaye a rediyo, waƙa ɗaya tana iya kai awa guda saboda masu sauraro suna roƙon ta maimaita baiti, ita kuma kowace maimaitawa da sabon salo take zuwa. Da na karanta bayanin Baba Hedimasta a kan Shata sai na ga abu ɗaya ne: jama'ar da ke wurin suna da hannu a cikin yadda waƙar take kasancewa.

Abu Hanan, Kano

Na karanta duka, kuma na karɓi hujjar cewa waƙar baka a gaban jama'a ake gina ta. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, kada baƙin cikin abin da ba mu gani ba ya sa mu raina abin da ke hannunmu. Faya-fayan da gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai suka ɗauka su ne kaɗai dalilin da ya sa muke iya wannan tattaunawa, kuma tef ba ya dawwama, zafi da ƙura suna cinye shi. Idan akwai abin da ya cancanci damuwarmu a yau, to mayar da waɗannan taskoki zuwa kwamfuta ne kafin su lalace.

Kuma tunda kowa ya faɗi nasa, ni ma ina da shi. Ɗan Anace ne. Ina son dambe tun ina yaro, kuma duk wanda ya ji yadda yake kiran ɗan damben nan Shago a waƙa ya san cewa ba don a zauna a ɗaki a saurara aka yi ta ba. An yi ta ne domin ɗan dambe ya ji tsikar jikinsa ta tashi ya shiga fage. Ina son in ga fuskar Shago a lokacin da kalangun yake kiransa.

Tsohon Hedimasta, Funtuwa

To, Malam, ashe kai ma kana cikinmu. Wannan da ka faɗa game da Ɗan Anace shi ne gaskiyar dukkan makaɗan maza, har da Kassu Zurmi da 'yan taurinsa. Kiɗansu aiki yake yi a jikin wanda ake yi wa, kuma ana yin sa ne da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da 'yan dambe suke bin garuruwa. Wanda bai tsaya a bakin fage ya ga mutum yana rawar jiki yana kirari saboda an taɓa takensa ba, bai ga abin da kiɗan yake yi ba.

Ni ma akwai waɗanda suka wuce ni. A 1977, lokacin bikin FESTAC, na je Kaduna na ga hawan daba, amma ban sami zuwa Legas ba, inda Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ta yi wasa. Muna jin labarin gwagwarmayarta da mulkin wariyar launin fata, kuma na so in ga matar da aka hana komawa ƙasarta saboda bakinta. Ta rasu a Italiya a 2008, jim kaɗan bayan ta sauko daga kan dandamali. A gida kuma ban ga Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa ba, ban kuma ga Garba Supa da kukumarsa ba, duk da cewa Kano ba ta fi ƙarfina ba a lokacin.

Maman Nafisa, Kano

Baba, ina da roƙo tunda kana Funtuwa, garin Barmani. Bikin 'yata yana tafe bayan salla, kuma na yi niyyar a yi amada a tsakar gida ranar wuni, da ƙwarya ta gaske, ba na'urar da ake kunnawa a ɗakin taro ba. 'Yan matan yanzu ba su taɓa ganin yadda ake yi ba, ni ma rabona da gani tun ina budurwa. Ko akwai sauran matan da suka yi amshi tare da Barmani, ko waɗanda suka koya a hannunsu, da har yanzu suke zuwa biki?

Tsohon Hedimasta, Funtuwa

Allah ya sanya alheri, 'yata, ya kai mu lokacin. Wannan ba fagena ba ne, amma uwargidana ta san gidajen da ake kiran masu ƙwarya a nan garin da ƙauyukan kewaye. Zan sa ta bincika a cikin makon nan, in ta samo sai in turo miki bayani ta saƙon sirri. Ki dai shirya musu mota da masauki, domin yawancinsu sun manyanta, kuma da ƙorensu suke tafiya.